Ƙarfin Aro: Daga Goro Zuwa Gwangwani da Ƙwaya

'Yan uwana mazauna Abuja da kewaye, na Dei-Dei da Zuba da Gwagwa da Karmo, har zuwa na Nyanya da Maraba. Yau wata magana nake so mu taɓa wadda kowa ya san da ita amma ba a cika zama a yi ta ba, wato maganar abubuwan da muke zuba wa cikinmu domin ido ya buɗe, jiki ya ɗauki aikin da ya fi ƙarfinsa.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san ba a gina shi don talaka ya kwana a cikinsa ba. Aiki yana Wuse da Garki da Maitama, makwanci kuwa yana can bayan gari. Tun da aka hana acaɓa shiga tsakiyar birni a 2006, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, ga kuma rusau da aka yi ta yi, namu suka ƙara matsawa gefe. Mutumin da zai buɗe rumfa ƙarfe bakwai a kasuwar Wuse, in daga Maraba yake, to da an sallame sallar asuba zai kama hanya, kuma ba zai ga ɗakinsa ba sai bayan isha'i saboda cunkoson Nyanya. Ɗan dako a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei yini yake yana ɗaga buhun siminti mai kilo 50. Direban da ya yi lodi a Zuba bisa hanyar Lakwaja zai kwana. Barcin awa huɗu ko biyar, shekara da shekaru. Irin wannan bawan Allah in ka ce masa ya bar abin da ke riƙe masa ido, zai tambaye ka ko kai ne za ka ciyar masa da iyali, kuma yana da gaskiyarsa. Saboda haka ba wa'azi na zo yi ba. Lissafi nake so mu yi.

Ni ɗan mai goro ne. Baba ya baro Kano ya zo nan tun farkon shekarun 1990, lokacin da gwamnati ta taso daga Legas, kuma har yau sana'arsa ke nan. Ya saro daga Shagamu ko ƙasar Ondo, a sauke masa huhu, mu zauna mu tsince, mu ware fari da ja, mu fitar da wanda sankara ta taɓa, mu yayyafa ruwa mu mayar cikin ganye. Kakan babansa, in ji shi, yana cikin fataken da ke zuwa Gwanja da jakuna, tafiyar wata da watanni, har kasuwar Salaga da ke cikin Gana ta yau. Ka ga ke nan Bahaushe ya daɗe yana sa dukiyarsa, wani lokaci har da ransa, domin abin da zai kore masa barci da yunwa, goron da ko tsiro ba ya yi a ƙasarsa. Ba yau aka fara ba.

Abin da ke cikin goro mai wannan aiki shi ne sinadarin da ake kira kafeyin. Shi ne dai a ganyen shayi, shi ne a garin kofi irin Nescafé ɗin da mai shayi ke barbaɗa mana, shi ne a Coca-Cola, wadda ma rabin sunanta daga sunan goro na Turanci aka samo shi tun da aka ƙirƙiro ta a 1886. Yadda yake aiki kuwa abin mamaki ne. Tun daga lokacin da mutum ya farka, akwai wani sinadari mai suna adinosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Shi ne ɗan aiken da ke gaya wa jiki an gaji, a je a kwanta. To kafeyin ba ya korar wannan ɗan aike, ba ya kuma rage gajiyar ko kaɗan. Zuwa yake ya tsaya a bakin ƙofar da ɗan aiken zai shiga, ya tare. 'Yan aike suna ta taruwa a waje, kai kana ciki kana jin garau. Da mai tsaron ƙofar ya tashi sai su afko gaba ɗaya, shi ne ka ga mutum wajen ƙarfe uku na rana ya zube a kan benci kamar an zare masa laka. Shi ya sa nake kiransa ƙarfin aro. Mai shi zai zo ya karɓa, kuma ba ya yafe ko kwabo.

Ga kuma wani abu da ba mu lissafawa. Kafeyin yana daɗewa a jini. A jikin yawancin mutane, bayan wajen awa biyar rabin abin da aka sha yana nan. Wanda ya zauna teburin mai shayi ƙarfe tara na dare ya ce a zuba masa cokali biyu, ƙarfe biyu na dare rabinsa bai fita ba. Zai yi barci don gajiya ta yi yawa, amma barci ne sama-sama, ya tashi da asuba kamar an yi masa duka, ya koma wurin mai shayin nan ya ce yau a ƙara. Jiki kuma yana sabawa, abin da cokali ɗaya ke yi bara, bana sai biyu. Wanda ke son shaida ya tuna ciwon kan da ke kama masu cin goro da masu shan shayi a kwana biyu ko ukun farko na azumi. Mutane suna cewa yunwa ce. Yawanci rashin abin da aka saba ne, don haka da an yi mako guda sai ya wuce da kansa alhali yunwar tana nan.

To nawa ne ya yi yawa? Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta fitar da ƙiyasi a 2015, cewa baligi mai lafiya in bai wuce miligiram 400 a yini ba babu damuwa, a sha ɗaya kuma kada ya wuce 200. Mace mai ciki 200 ne iyakarta a yini gaba ɗaya. Ƙaramin gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana da miligiram 80. Cokalin shayi na garin kofi yana kusan 60, cokalin mai shayi kuwa kowa ya san tozo yake yi masa. Ƙullin Alabukun, wanda Jacob Odulate ya fara haɗawa a Abekuta tun 1918, yana da kafeyin 60 tare da asfirin 760, kuma asfirin mai yawa a cikin da babu abinci hanyar gyambon ciki ce. Yanzu mai karatu ya haɗa da kansa: shayi mai cokali biyu da safe, robar lemon ƙara kuzari a cunkoso, wadda ta kusa ninka wancan gwangwanin girma, wata kuma da azahar, Alabukun da yamma saboda kai ya ɗauki zafi, sannan shayin dare. An wuce 400 tuni, kuma mai shi zai rantse maka shi ba ya shan komai.

A nan ne nake ganin bambancin zamanin Baba da namu. Goro yana da birki a jikinsa. Yana da ɗaci, sai an tauna, a hankali yake sakin abin da ke cikinsa, sannan al'ada ba ta yarda ka ci kai kaɗai ba, da ka ɓare sai ka miƙa wa na kusa da kai. Na taɓa tambayarsa, "Baba, a shekarunka cikin sana'ar nan, mutum nawa ka gani ya cinye goro biyar a zama ɗaya?" Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ai muƙamuƙi ba zai bari ba." Gwangwani ba ya buƙatar muƙamuƙi. Ga sanyi ga zaƙi, kurɓa uku an gama, sukarin ma ya rufe ɗacin da zai ce maka ya isa. Ba wai ina wanke goro ba ne don shi ke ciyar da gidanmu. Shi ma yana sa bugun zuciya, yana tayar da ƙwannafi, yana ɗaga jini na ɗan lokaci, kuma Baba da kansa tun da aka auna shi aka ce jininsa ya hau, ɓari guda yake ci bayan azahar, sauran sai dai ya riƙe a hannu yana juyawa. Amma aƙalla mai cin goro yana ganin abin da yake ci, yana iya ƙirgawa.

Mai shan gadagi ba ya iyawa. 'Yan Kano sun san shi, dafaffen haɗin ganyaye da saiwoyi da shayi wanda 'yan acaɓa da lebura suka riƙe, kuma ya biyo mu har nan. Wani mai dafawa tsakani da Allah itatuwa yake sawa. Wani kuwa yana son a ce nasa ya fi bugawa, kuma babu wanda ke leƙa tukunyarsa.

Bari in shigo fagen wasa, domin ni ɗan ƙwallo ne, lamba shida nake bugawa a ƙungiyar unguwarmu, kuma a nan ne abin ya fi damuna. Gaskiya ita ce kafeyin yana taimaka wa ɗan wasa, ba camfi ba ne. Binciken masana wasanni ya nuna miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyin jiki, kamar awa ɗaya kafin wasa, yana ƙara juriya kaɗan. Ga yaro mai kilo 65 wajen 200 ke nan. In aka ninka aka sake ninkawa gudu ba ya ƙaruwa, sai dai rawar hannu da tashin zuciya da bugun ƙirji, ka ga ɗan baya yana fitar da ƙwallo waje ba gaira ba dalili. Da can hukumomin wasanni suna kama wanda ya yi yawa a fitsarinsa, amma tun 2004 hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta cire shi daga jerin haramtattu, sa ido kawai take yi.

Efedirin kuma wata dabba ce daban, kuma mu 'yan Najeriya muna da tarihi da ita. Ni ba a haife ni ba a lokacin, amma duk wanda ya kai shekara arba'in a majalisarmu yana ba da labarin kamar jiya. Ranar 25 ga Yuni, 1994, gasar cin kofin duniya a Amurka, Najeriya da Ajantina a filin Foxboro kusa da Boston. Samson Siasia ya fara jefa musu tun minti na 8, Claudio Caniggia ya rama ya kuma ƙara, aka tashi 2 da 1. Diego Maradona, mai shekara 33, wanda ya zubar da ƙiba cikin 'yan watanni kafin gasar, ya yi wasa kamar ɗan ashirin. Da aka hura tashi sai wata ma'aikaciyar lafiya ta shigo fili ta riƙe hannunsa, suka fita yana murmushi, aka kai shi ɗakin gwajin fitsari. Bayan 'yan kwanaki aka ce an sami efedirin da wasu danginta guda huɗu. Aka kore shi daga gasar, aka dakatar da shi wata 15, kuma wasan da ya yi da mu shi ne na ƙarshe da ya buga wa ƙasarsa. Ya ce mai horar da shi ne ya sayo masa wani haɗin ƙara kuzari a kanti ba tare da sanin abin da ke ciki ba. Ajantina ba ta sake cin wasa ba a gasar, Bulgeriya ta doke su, Romaniya ta kora su gida.

Ita efedirin asalinta daga wani tsiro ne da mutanen Sin suka daɗe suna magani da shi, wani masani ɗan Japan mai suna Nagai ya tace ta a 1885. Magani ce ta gaske. An yi amfani da ita wajen asma da toshewar hanci, kuma har yau likitoci suna yin allurarta a ɗakin tiyata in jinin majiyyaci ya faɗi. Ka lura da wannan na ƙarshe, aikinta ke nan: ta matse jijiyoyin jini, ta ɗaga jini, ta sa zuciya gudu, ta ƙara wa jiki zafi, ta kashe yunwa. Idan kafeyin mai tare ƙofa ne, ita mai bulala ce. In aka haɗa su biyun kuma, kowa yana ƙara wa ɗan uwansa ƙarfi, kuma haka aka riƙa haɗa su cikin magungunan rage ƙiba a Amurka har zuwa watan Fabrairun 2003, lokacin da wani ɗan wasa mai suna Steve Bechler, ɗan shekara 23, ya faɗi a wurin atisaye a jihar Florida, zafin jikinsa ya kai 42 a ma'auni, ya mutu washegari. A 2004 gwamnatin Amurka ta hana sayar da irin waɗannan haɗe-haɗen. Florida a Fabrairu ke nan fa. Mai karatu ya tuna yadda rana take a Abuja cikin watan Maris, kafin ruwan farko.

Daga efedirin ɗin nan ne kuma ake dafa metamfetamin, wadda a ƙasar Inyamurai ake kira mkpuru mmiri. A 2011 hukumar NDLEA ta fara gano wurin dafa ta a Legas, kuma shi ya sa ake sa ido sosai kan masu shigo da efedirin ƙasar nan. 'Yar uwarta ma, sudo-efedirin, tana cikin wasu magungunan mura da muke saye a kemis ba tare da tunani ba. Ita ce ta raba yarinyar nan 'yar Romaniya, Andreea Raducan, da lambar zinariyarta a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, tana da shekara 16, kuma likitan tawagarsu ne ya ba ta don mura. Namu ma bai tsira ba. A gasar ƙasashe renon Ingila ta 2010 a Delhi, an ba Oludamola Osayomi zinariyar tseren mita 100, bayan kwanaki aka karɓe saboda an sami wani sinadarin zaburar da jiki a fitsarinta.

Duk waɗannan mutane suna da abu ɗaya da na ga ya kamata mu duba. Akwai wanda ya riƙe hannunsu ya kai su ɗakin gwaji. Akwai takarda da ta fito ɗauke da sunan abin da suka sha. Sun rasa lamba, sun rasa suna, amma an san me ya faru.

Bara, a gasar unguwanni da muke yi kafin azumi, an sa mana wasan kusa da na ƙarshe ƙarfe biyu da rabi na rana, don masu fili suna da wani taro da yamma. Akwai wani yaro a cikinmu, ɗan gaba, ba zan faɗi sunansa ba, leburan gini ne, daga wurin aiki ya zo kai tsaye bai ci komai ba sai biredi. Ya sha roba biyu ta lemon ƙara kuzari a gefen fili, ya kora wata 'yar ƙwaya da wani mai tallar magani a faranti ya ba shi, daga cikin leda, babu kwali babu suna. Rabin lokaci na farko babu wanda ya iya riƙe shi, 'yan kallo har kirari suke yi masa. Da aka dawo da kamar minti goma sai muka ga ya tsaya shi kaɗai ya dafe ƙirji, ya durƙusa, ya kife. Na sa hannu a wuyansa, wallahi jijiyar kamar ana kaɗa kalangu, jikin kuma zafi rau. Muka zuba masa ruwan leda, muka sa shi a Keke Napep zuwa wani ƙaramin asibiti. Nas ɗin ta dube mu ta ce, "Me ya sha?" Mu goma sha a tsaye, babu wanda ya iya ba ta sunan ƙwayar. Wani ya ce fara ce ƙarama. Wani ya ce ai ta ƙarfi ce. Mai farantin kuwa tuni ya yi gaba. Allah Ya taimaka yaron ya farfaɗo bayan an ƙara masa ruwa, ya kwana biyu, kuɗin asibitin ya cinye abin da yake samu a mako uku, mu muka yi karo-karo. Har yau in ya hau bene da bulo yana tsayawa ya huta, kuma ya daina buga mana.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke kasa abubuwan nan kashi biyu kawai. In an ce ƙwaya, hankalinmu yana tafiya kan ɗan daba mai jan ido a bayan tasha, ko kan kodin da gwamnati ta hana a 2018 bayan rahoton BBC, ko tiramadol mai lamba 225 da ake shigowa da ita ta bayan fage. A binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018, an ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramadol da kodin ne. Tiramadol ɗin ma maganin kashe ciwo ce, amma namu don aiki suke shan ta, kuma WADA ta haramta ta a lokacin gasa tun farkon 2024. Wannan kashi ɗaya ke nan, kowa yana tsine masa. Ɗaya kashin kuma shayi ne da lemo da maganin ciwon jiki, waɗanda ake sha a gaban iyaye, a ƙofar masallaci ma. Yaron nan namu yana sallah a sahun farko, ko sigari bai taɓa sha ba. A ganinsa lemo ya sha da maganin gajiya. A tsakanin kashi biyun nan ya faɗi, inda babu mai tsawatarwa.

Bana da aka kira taron shirya gasa, ni da kyaftin ɗinmu muka tayar da maganar a gaban dattawan kwamiti. Muka nemi abu uku: kada a sake sa wasa kafin la'asar, a ajiye jakunkunan ruwa a gefen fili daga kuɗin rajista, sannan a hana masu farantin magani zagaye fili. Na farko da na biyu an amince nan take. Na ukun ne aka yi ta ja. Shugaban kwamiti, dattijo ne abokin Baba, ya ce, "Ɗana, mai farantin nan shi ma namu ne, ci-rani ya zo kamar kowa, da wane baki zan kore shi?" Na ce, "Baba Alhaji, to ko ba a kore shi ba, a ce masa duk abin da zai sayar a nan ya kasance cikin kwalinsa, da suna da lambar NAFDAC, yadda in wani ya faɗi za mu san abin da za mu gaya wa likita." Ya yi shiru, ya ce zai yi masa magana da kansa. Sai wani daga baya ya tuna mana cewa wanda ya ɗauki nauyin rigunan gasar bana dilan lemon ƙara kuzari ne, kuma ya yi alkawarin katan biyu kyauta ga kowace ƙungiya a kowane wasa. Aka yi dariya, aka shafa fatiha, ba a yanke komai a kan wannan ba. Wasanmu na farko ranar Asabar ne, ƙarfe huɗu da rabi.